Kazar Inna, Ƙwan Gwaggo

Wata uku kacal na yi a kwaleji ina karanta doka, share fagen shiga jami'a, amma duk gidanmu na unguwar Gawon Nama an laƙa mini Alƙali. Ni kuwa kaina ya kumbura, ko ruwa zan sha sai da littafi a hammata.

Baba bai so karatun ba. Shagon yadinsa na kasuwa yake so in zauna. Sai ga rigima ta taso, ya ce to madalla, ga jarrabawa: in na raba ta in ci gaba da karatu, in na kasa in karɓi almakashi.

Rigimar kuwa ta kaza ce. Kazar Inna, matar ƙanen Baba, a gidan Inna take cin tsaba, amma in ƙwai ya matse ta sai ta bi ta rariya ta shiga gidan Gwaggo, yayar Baba, ta saka a bayan randa. Inna ta ce ƙwai nata ne. Gwaggo ta ce abin da ya faɗo a gidanta rabonta ne, kuma ita ko ɗaya ba ta taɓa ba, ajiya take yi.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Aka kifa mini turmi na zauna, aka kawo kazar ɗaure da igiya. Na saurari kowa, har na buɗe baki zan yanke hukunci, sai na tuna abin da malaminmu ya nanata a satin nan: mai hannu a magana ba ya yi mata alƙalanci. Wata guda ke nan kullum da safe nake biyawa gidan Gwaggo, ta soya mini ƙwai biyu da albasa kafin in hau babur ɗin kabu-kabu, alhali ita ba ta da kaza ko ɗaya.

Wallahi na so in yi shiru. Amma na miƙe na ce kotu ta janye kanta, domin kotu ta ci ƙwan.

Inna ta saki salati. Gwaggo ta ce in amayo mata abinta, butulu, ɗan banza mai baƙin ciki. Kazar ta tsinke igiya ta bi rariya. Ni dai na riga na hango kaina ina auna shadda.

Baba ya dube ni ya ce, “Wanga yaro in na aje shi shago, mai saye na shigowa zai gaya mashi inda yadi ya koɗe. Ka koma makarantarka, kasuwa ba ta iyawa da kai.”

Washegari na wuce ƙofar Gwaggo cikina na kuka, ina jin ƙamshin albasa. Ta gan ni sarai, ta tura ƙofa.