Daga Bayana Zuwa Bayan Goɗiya

Ƙafafun 'yata kamar almakashi suke. Lalurar ƙwaƙwalwa da ta samu wajen haihuwa ce ta ɗaure mata jijiyoyi, da zarar ta tsorata sai ƙafafun su miƙe su harɗe. Shekararta shida a lokacin. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a Jidda, na saba da kusurwar da ke buɗewa in na ja ta a allo. Wannan ta gidana ba ta jin alli.

Likita ya ba mu zaɓi: ko tiyata a sassauta jijiyoyin cinya, ko mu fara gwada hawan doki, don ɗumin jikinsa da rangajin tafiyarsa suna sakin jijiya. Muka zaɓi doki. Sai dai ba a samun ɗumin sai an hau, ba a kuma hawa da ƙafa a harɗe. Muka yi ta zuwa muna dawowa ba ta zauna ba. Likitar motsa gaɓoɓi da ke kula da yaran a filin dawakin ta gaya mini gaskiya: wasu yara na jiran gurbi, in yau ma bai yiwu ba, halas, shi ke nan, mu koma wa mai tiyata.

Ran nan mijina yana aiki a tashar jiragen ruwa, sai goggonsa ta raka ni daga unguwar Waziriyya. Haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci, bakinta kuwa ba ya hutu.

Aka jawo wata tsohuwar goɗiya, ba sirdi, sai bargo mai kauri. Likita ta ɗaga yarinyar. Goɗiyar ta yi firji kawai, ƙafafun suka kulle. Likitar ta murza cinya, ta lallasa, ta lanƙwasa gwiwa ɗaya, ɗayar ta ƙi. Yarinyar ta fara wannan kukan nata marar sauti. Likita ta dubi agogo, sannan ta dube ni.

A duniya wuri ɗaya na san ƙafafun nan suna buɗewa, wato a bayana. A gida nake goya ta, ƙofa a rufe. Tunda na zo garin nan ban taɓa goyo a waje ba, don na ga irin kallon da ake yi wa baƙar mace mai goyo a titi, ni kuma ina jin kaina da takardu. Ga iyaye sun jeru a inuwa, turare na tashi.

"Goggo, ara mini mayafinki."

"Lesh, don me? Sanyi kike ji a wannan wuta?"

"Goya ta zan yi."

Ta ƙare mini kallo. "A nan? Malama guda? Yau iƙamar girman kai, takardar zamansa a ƙasar nan, ta ƙare ke nan." Tana faɗa tana warware mayafin. "Yalla, duƙa, ya binti. Duƙa sosai, ba sarauniya ake ɗauka hoto ba."

Na duƙa. Ta ɗora mini ita, na ɗaure a kan abaya. Da farko gwiwoyin nan tokare mini baya suka yi kamar tabarya. Na roƙi likita ta sa a ja goɗiyar, na bi gefenta, ina jijjiga, ina bubbuga ƙugun yarinyar yadda nake yi in zan yi shara.  Wata mata a inuwar ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, Goggo ta ce mata wani abu da Larabci da ba na koya wa ɗalibaina, wayar ta koma jaka.

Gumi ya jiƙa ni sharkaf kafin na ji gwiwa ɗaya ta zame zuwa ƙuguna. Can ɗayar ta biyo. Ta rungume ni da ƙafafu.

Likita ta gani. Ta tsayar da goɗiyar kusa da dandamalin hawa, ta ce in hau dandamalin in juya baya, kada in yi gaggawa. Goggo ta kwance ƙullin a hankali, bakinta na motsi da addu'a. Likita ta riƙe cinyoyin a yadda suke, a buɗe, ta zare ta daga jikina. Na ji iska ta bugi bayana. Goɗiyar ta ɗaga ƙafa ta sauke. Na kasa waiwayawa.

"Umma."

Na juya. Tana zaune, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yatsun ƙafar na karkarwa, suna neman komawa ciki. Likita ta dafa gwiwar, ta yi wa mai jan linzami alama. Goɗiyar ta taka, ta sake takawa. Yatsun suka kwanta.

"Bayanta ya fi naki faɗi," in ji 'yata, da maganarta mai ja.

Goggo ta ce, "Wallahi ƙarya kike, ya habibti, na ga na uwarki."

Da za mu tafi, likita ta rubuta mu a mako mai zuwa, ta ce mu zo da mayafin. Goggo ta ce nata ba na haya ba ne, in nemo zani na gaske a akwatina.