Bokitin da Ba Wanda Ya Tofa a Ciki

Shekarun baya, ban daɗe da gama karatu a London ba, na yi aiki a wani ɗan kamfani mai shigo da ruwan inabi, can wajen Deptford. Ni 'yar Jos ce, kuma kafin nan sanina da ruwan inabi bai wuce ɗan kurɓin da ake ba mu a coci ba.

Mai kamfanin wani dattijon Bature ne mai sanyin hali. Yana da wani tambarin giya da ya gada wurin mahaifinsa, wanda a da, in ji shi, ba teburin da ba a ganinsa ranar Lahadi. A zamanina kuwa kwalaben na can ƙasan kanta suna shan ƙura. Sai ya ƙudurta farfaɗo da shi da sabon haɗin jan ruwan inabi mai araha, na sha da abincin yau da kullum. Bai ɓoye mana ba: in wannan bai karɓu ba, zai rufe kamfanin. Ni kuma takardar zamana a ƙasar a jikin aikin nan take rataye.

Ni uwar iyawa, ni na ce a gwada mutanenmu, tunda ba Asabar ɗin da ba ma biki. Goggona da ke Abbey Wood ta yi mana booking ɗin wani ɗan zaure, ta tara matan zumunta da mazajensu bayan an tashi coci. Na liƙa wa kowace kwalba farar takarda na rubuta "gwaji" da hannuna, don ba a buga tambarin ba tukuna.

Dattijon ya zo da kansa, sanye da kwat, riƙe da wani ɗan bokitin ƙarfe. Ya yi bayani cewa a sana'arsu ba a haɗiyewa: ka shinshina, ka kurɓa, ka juya a baki, ka tofar a bokiti. Goggona ta jawo ni gefe.

"Ke, me ya ce? Mu tofar?"

"Haka ake yi, Goggo."

"Mutum ya ba ki abu, ki tofar a gaban idonsa? Ba da ni ba."

Ba kuwa wanda ya tofa. Kowa ya shanye nasa tas, ana ta "sannu da ƙoƙari, Baba", "Allah ya sa albarka". Da za a watse ya ce mai so ya ɗauki kwalba, kafin ka ce kwabo teburi ya zama wayam. A jirgin ƙasa wajen komawa ya ɗora bokitin a cinya, busasshe ƙayau, yana cewa tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin an ƙi tofarwa ba. Ni ma na ɗanɗana ranar, na ji ya kama mini harshe kamar ɗanyar ayaba, amma na ce ƙila bakina ne bai waye ba. Ga shi ina son aikina, sai na gaskata bokiti.

Aka yi oda mai yawa, aka raba wa shagunan mutanenmu daga Deptford har Abbey Wood. Shiru kake ji, ba mai saye. Kafin shekara ta zagayo dattijon ya sayar da kamfanin. Ya rubuta mini shaida mai kyau, da ita na samu wani aiki ana saura ƙiris takardata ta mutu. Ban sake ganinsa ba, kuma na daɗe ina jin tausayinsa.

Bayan na yi aure na haihu, ranar baftismar 'yata wata 'yar cocinmu ta miƙo mini jakar kyauta. Ina buɗewa sai ga kwalba da farar takarda, da rubutun hannuna. Da na bi sawu, ashe gida-gida take ta yawo a matsayin kyauta, ba wanda ya taɓa buɗe ta. Na kai wa Goggo na ajiye a gabanta.

"Don Allah, Goggo, me ya hana ku faɗi gaskiya ranar nan?"

"Tsoho ya taso da furfurarsa, ya tsaya yana kallon bakinmu, mu ce masa me? Ai da kin juye a robar ruwa kin ce ke kika haɗa, da kin ji gaskiya har ta ishe ki."

Yau abin ba ya mini ciwo. Na dai gane cewa kara, wadda muke taƙama da ita, ita ta ci dattijon nan. Da mun yi masa rashin kunya ranar, wataƙila da ya gyara haɗinsa. Ban ga laifin kowa ba, kowa tarbiyyar gidansu ya bi.

Kwalbar kuwa, da Kirsimeti ta zo na sa ta a sabuwar jaka na kai wa wata maƙwabciyata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce daman irinsa take so.