Tarin Baba Inuwa da Harajin Gwange

Baba Inuwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wani kamfanin fatu, yana tsoma ƙiraga cikin ruwan guba don kada ƙwari su ci. Gubar nan ce ta cinye masa ƙirji. Da tari ya hana shi ɗaga kaya sai aka sallame shi, dab da samun 'yancin kai, da alkawarin kamfani zai riƙa biyan kuɗin allurarsa a asibiti duk wata. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a Gwange, tarin nan kuwa har cikin ɗakina nake jin sa.

Allura ta karɓe shi, ya murmure, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Nan fa tsiyar ta fara. Gajiyayyu ba sa biyan haraji, amma Bulama, mai unguwarmu, da ido yake auna gajiya.

"Baba, wanda kamfani ke kashe wa kuɗi duk wata ai ma'aikaci ne."

"Bulama, kuɗin nan ko warinsu ban taɓa ji ba. A cinya ake zuba mini."

"Ko ina ake zubawa, ga shi nan a kumatunka."

A shekarar, akuyar matarsa Kaltum ce ta biya haraji. Da shekara ta zagayo babu akuyar sayarwa, sai tsoho ya ɓullo da dabara. Da an fara cire gyaɗa, lokacin kewayen haraji ya gabato, sai ya daina zuwa allura. Kafin Bulama ya iso da malamin haraji, Baba ya zabge, haƙarƙari a waje. Su duba, su yi tsaki, su wuce. Kashegari a goya shi a keke zuwa asibiti. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru. Na yi masa faɗa har bakina ya gaji, na kuma gaji da jin haushin Bulama.

Wata shekara masu haraji suka yi nawa. Kaltum ta roƙe shi ya je allura.

"In na je na yi kyan gani, me za ki sayar?"

Ya ci gaba da jira. Masu haraji sun iso unguwar da hantsi, muna dawowa daga maƙabarta. Kaltum ta yi magana daga bayan zana.

"Bulama, ka makara. Da jiya ka zo, da ka ga abin da kake so ka gani."