Hannun da Ke Jin Ƙusa

"Ni dai na gaya maka, Baba, ƙyauren nan ba zai hau injina ba," in ji mai injin yankan katako. "Dubi hannunka fa, ya yi suntum."

"Hannun nawa za ka yanka ko ƙyauren?" in ji Baba Kafinta. "Na shafa shi ciki da bai. Babu ƙusa ko ɗaya."

"Da wane hannun ka shafa?"

Baba ya dubi kumburarren hannunsa.

Tun yana saurayi bai taɓa aiki da sabon katako ba. Duk inda aka rushe tsohon gida, sai ka gan shi da amalanke yana kwasar ƙyamare da tagogi da katakon rufi. Da su yake yin tebura da kujeru da gadajen yara. A wurinsa tsohon katako ya riga ya gama lanƙwashewarsa, ba zai ba mutum kunya ba. Aibinsa ɗaya, ƙusa. Tsatsa takan cinye kanta, jikinta ya nutse a ciki, fenti ya rufe. In inji ya ci karo da ita, sai abin da Allah ya yi.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya koma ga tafin hannunsa na dama. Yakan bi katako yana shafawa a hankali, har ya ji ɗan tudun da ido ba ya gani. Shi ya sa ko an ba shi safar hannu ba ya sawa. Duk masu injin unguwar sun daina karɓar tsohon katako, sai wannan kaɗai, shi ma don ya yarda da hannun Baba ne.

To, hannun ne wata ƙusa ta shige. Baba ya zare ta, ya zuba kananzir, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki. Sai da ya fara wari 'yarsa ta ja shi asibiti tana kuka. Aka tsaga aka matse mugunya, amma tafin bai sake jin komai ba.

"Da hagu," in ji Baba a ƙarshe. "Ai uwarsu ɗaya."

Mai injin ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Don furfurarka, Baba. Wannan kaɗai."

Injin ya kama ƙyauren yana ci, garin katako na tashi. Sun kusa rabi sai ji kake ƙwas! Haƙorin zarton ya ɓalle, ya tsaga girar mai injin, ya wuce ya kafe a bango. Jini ya rufe masa ido. Ya laluba ya kashe injin, ya dafe fuskarsa da gefen riga.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi wa Baba sauƙi.

"Ina da 'ya'ya, Baba," ya ce. "Kada ka ƙara kawo mini."

"Sannu, ɗana. Allah ya tsare gaba."

Baba ya jawo ƙyauren da hannu ɗaya, ya ɗora a amalanke, rabi a tsage, rabi a haɗe. Matar da ta sa shi ya yi mata tebur da ƙyauren tana can shagonsa tana jira. Ya tokare amalanken da cikinsa, ya tura ya fita.