Gishirin Kwalba Ta Goma Sha Bakwai

Abin da idona ya fara sauka a kai da na shiga ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu ta Panyu, a ƙasar Sin, shi ne kwalaben da aka jera a kan kanta. Kowacce da abu a cikinta. Wata farin gari, wata ruwa shuɗi, wata kuma ita kanta kwalbar baƙa ce don kada haske ya taɓa abin da ke ciki. A makarantar da na baro a Kano mu ma muna da kwalabe, sai dai wayam suke, takardun sunayensu duk sun koɗe. Da alli malaminmu na can yake yi mana gwaji. Zai zana kwalba a allo, ya zana ɗigo uku suna faɗawa ciki, ya juyo ya ce, "Me kuka gani?" Mu haɗa baki mu ce, "Farin abu ya kwanta!" Haka na haddace komai ban taɓa riƙe kwalbar gwaji ba.

Watana biyu a sabon ajin ban yi wa kowa magana ba. Ba wanda ya tsokane ni, ba kuma wanda ya kula ni. Bibbiyu ake zama a teburin gwaji, kuma ni ce na zo daga baya, don haka aka jawo mini wani ƙaramin tebur a ƙarshen ɗaki, kusa da famfo. Sinancin da na iya na shagon Baba ne a unguwar Xiaobei, inda nake wuni ranar Asabar: gaisuwa, godiya, lawban wato maigida, da mei yo wato babu. Baba har tsiya yake yi mini.

"Ke da kike cewa likita za ki zama, in mara lafiya ya zo da ido za ki tambaye shi?"

Maƙwabcinsa, wani Alhaji ɗan Gana mai aika kaya ƙasarsu, ya ce, "Ƙyale ta, Alhaji. Kai shekara nawa kana nan, in ban da mei yo me ka iya?"

Suka kwashe da dariya. Ni dai na ci gaba da ninke ledoji.

Ranar gwajin, malamarmu ta ba kowane tebur 'yar kwalba mai lamba. Ta yi bayani da Sinanci, sannan ta zo ta nuna mini fassarar a wayarta: a gano sunan gishirin da ke ciki kafin a buga ƙararrawa. Waɗanda suka gano su ne za su ci gaba da shiga ɗakin nan zango mai zuwa, sauran su koma aji. A duk makarantar nan ne kaɗai wurin da shirun da nake yi bai zama abin kallo ba. Ta kuma nuna mini da hannu in cusa gefen hijabina cikin farar rigar gwaji saboda wuta.

Tawa lamba goma sha bakwai ce. Farin gari ne, kamar gishirin miya, ba ya warin komai. Na ɗiba da ɗan cokali na narkar a ruwa, na raba shi cikin sirirran kwalabe huɗu. Na ɗiga asid a ta farko na kasa kunne, bai yi kumfa ba. Na ɗiga ruwan bariyam a ta biyu, ya tsaya garau. Ta uku na zuba mata ruwan soda mai kaifi na ɗumama, na kaɗo iskar da tafin hannu zuwa hancina kamar yadda na ga 'yan gaban teburina suna yi. Babu warin da ke hawa kai, babu kuma abin da ya kwanta. A ta huɗu na ɗiga ruwan azurfa na cikin baƙar kwalbar nan.

Nan take ruwan ya tsinke, kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami. Farin abu ya sauka a hankali ya kwanta. Shekara biyu ina faɗin wannan da baki, yau ga shi a hannuna. Na waiga in nuna wa wani. Kowa kansa na haɗe da na abokin zamansa. Na ɗiga asid a kai, bai narke ba, na rubuta kuloraid.

Saura rabin sunan. Tunda soda bai sauko da komai ba, ko dai sodiyam ne ko fotasiyam, kuma wuta ce ke raba su: sodiyam rawaya, fotasiyam shunayya. Siririyar wayar ƙarfen da ake ɗibar gishirin da ita ta ɗan lanƙwashe. Na sa yatsuna na miƙe ta tsaf, don ba na son abu a karkace. Na dangwali garin na kai bakin wutar fitilar gwaji. Wutar ta tashi rawaya sosai. Na rubuta sodiyam, na ja layi a ƙarƙashi, na ajiye biro.

Ashe malama na tsaye a bayana. Ta wanke wayar da asid, ta ƙona ta har wutar ta daina canja launi. Ta miƙo mini, ta nuna in murza bakinta da yatsu idan ta huce. Na murza. Ta mai da ita cikin wuta ba tare da ta taɓa garin ba. Rawaya ta sake tashi. Ta taɓa kwalbar ta girgiza kai, sannan ta taɓa tafin hannuna da ke jiƙe da zufa.

Gishirin jikina na gwada. Na ji kunya har wuyana ya yi zafi.

Na soke abin da na rubuta. Na wanke wayar sau uku, ban ƙara bari ta taɓa ni ba. Amma duk da haka rawayar ba ta tafi gaba ɗaya ba, kuma a gefenta ina ganin kamar wani launi yana leƙowa yana ɓacewa. Ban san ko idona ne ba. Sai na lura sauran tebura kowanne da ɗan gilashi shuɗi mai kusurwa huɗu, ɗaya na riƙe waya, ɗaya na leƙen wutar ta cikinsa. Na tuna haddata: gilashin yana shanye rawaya, ya bar abin da ke bayanta. Na duba aljihun teburina, babu. Na ɗaga ido na kalli malama, na zana murabba'i a iska.

"Mei yo," ta ce. Ta nuna teburin gabana da haɓa, ta dubi agogon bango, ta wuce abinta.

Saura minti shida. Yarinyar da ke gabana ta riga ta gama, tana wanke kwalabenta. Na san bayanta fiye da fuskarta: koren abin kama gashi, tabon tawada a gwiwar hannun riga, da yadda take cizon murfin biro in tana tunani. Gilashin na ajiye a gefen littafinta. Da na miƙa hannu zan iya ɗauka in mayar ba ta sani ba, har na fara miƙawa, na fasa. Na laluba kalmomin da nake da su. Ba zan kira ta lawban ba. Sunanta kuwa na sha jin malama na kira, amma ban taɓa gwada shi a bakina ba.

Na goge tafina a jikin farar rigar, na taɓa kafaɗarta da yatsa ɗaya. Ta juyo, ruwa na ɗiga daga hannunta. Na gaishe ta, ko da yake tun safe muke ɗaki ɗaya, na nuna gilashin, na nuna wutata, na harhaɗa ɗan Sinancin da nake da shi da wanda na tsinta a aji.

"Don Allah ki ara mini. Ki zo ki duba tare da ni."