Ruwan Kirfa a Shekarar Yunwa

Maigidana ɗan koli ne. A Gusau muke zaune a lokacin, tun jirgin ƙasa bai iso garin ba, Nasara ma ba su daɗe da zuwa ba. Yana cin kasuwannin Mada da Tsafe da jakinsa, yana sayar da allura da kwalli da kanumfari da citta da kirfa, wadda yakan saro a hannun fataken Kano. Mu huɗu ne a gidan: shi, da ni, da mahaifiyarsa da nake kira Inna, da 'yarmu ta fari, wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Inna ce ta koya mini dafa kirfa. Ganyen shayi kuwa sai labarinsa muke ji. Namu shi ne a ɗauko ɓawon kirfa a nannaɗe, a ɓarza shi a turmi ba tare da ya zama gari ba, a zuba a ƙaramar tukunyar ƙasa da ruwan sanyi. Ta hana ni sa shi a tafasasshen ruwa, wai ba ya sakin jikinsa. Sai ruwan ya yi ja kamar na jiƙon gawo ake jefa citta da ɗan kanumfari, a sauke, a tace a ƙoƙo, a sa zuma. Ga mai tari ko mai jego ake yi, ko baƙon da ake jin nauyinsa.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi. Muna kallo gonaki suka ƙone a tsaye. Kafin rani ya raba, hatsi ya ɓace a kasuwa. Wa zai sayi kanumfari alhali ba tuwon da za a ci? Maigidana ya riƙa dawowa da kayansa yadda ya fita da su. Da ya ji ana cewa dawa na shigowa Tsafe daga kudu, sai ya ɗaura wa jaki duk abin da yake ganin zai musayu, har da tasoshin aurena. Buhun kirfa kawai ya bari a ɗaki.

"Wanga ba mai so nai yanzu," ya ce. "In Allah ya so, ba ni daɗewa."

Inna ta sa masa albarka a bakin zaure, ya tafi.

Ɗan geron da ya bar mana na riƙa tsakura har ya ƙare. Muka koma dusa. Na shiga ayarin mata masu fita daji tsinkar yaɗiya da tsintar aduwa, wasu suna tona gidan tururuwa su sheƙe 'yan ƙwayoyin da suka samu. Abin da nake dawowa da shi bai wuce cin yarinya ba, sai mu lasa abin da ta rage.

Wata ranar da na dawo hannu wofi, na zauna a bakin murhu ban hura wuta ba. Yarinyar ta zo ta tsaya tana kallon duwatsun murhun, sannan ta kalle ni.

"Tashi ki aza tukunya," in ji Inna.

"Inna, mi za ni dafawa?"

"Ɗauko kirfa. In ɗiya ta ga hayaƙi, hankalinta shina kwanciya."

Haka muka fara. Duk lokacin da ya kamata a tuƙa tuwo, sai in ɗora ruwan kirfa. Zuma ta ƙare tuntuni, citta ma ta bi ta. Ruwan yana da ɗan zaƙi-zaƙi a baki, amma in ya sauka a cikin da ba komai sai ya riƙa yankar mutum kamar an haɗiyi garwashi. Duk da haka ɗumin yakan yaudari ciki na ɗan lokaci. Yarinyar takan riƙe ludayinta da hannu biyu, ta shanye, ta yi zufa, ta kwanta a jikin kakarta. Ɓawo ɗaya nakan dafa shi in shanya in sake dafawa, har sai ruwan ya daina ja.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne ƙamshi. Kirfa ba ta ɓuya. A unguwar da yawancin murahu suka mutu, gidanmu ne kullum yake tashin hayaƙi da ƙamshi irin na ranar suna. Na lura mata sun rage yi mini magana a hanyar daji. Wata rana da hantsi matar maƙerin da muke katanga ɗaya ta shigo ba sallama. Ƙawata ce, ita ta riƙe ni ranar da na haihu. Ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu.

"Ku ji tsoron Allah," ta ce. "Ɗiyana na kwana da kuka, kuna nan kuna dahuwa. An ce mijinki ya bar muku rumbu a gine cikin ƙasa."

Na buɗe baki, amma Inna ta riga ni.

"Buɗe tukunyar, ɗiyata," ta ce mata.

Ta buɗe da hannunta, ba ta ko ji zafin murfin ba. Ta sa ludayi ta juya, ta sake juyawa har ƙasa. Ɓawo ne kawai yake tasowa yana nutsewa. Ta daɗe a tsugune. Sannan ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da gefen zane. Na tace mata a ƙoƙo, ta sha, na ƙulla mata ɓawo a tsumma ta tafi da shi. Daga ranar ƙamshin ya riƙa tashi daga gidanmu da nasu. Bai hana komai ba. Ƙaramin ɗanta ya rasu kafin damina, babban ya bi shi.

Ƙafafun Inna suka fara kumbura. In na danna da yatsa sai gurbin ya tsaya. Ba labarin maigidana, duk wanda ya fito daga wajen Tsafe kuwa sai na tare shi na tambaya. Ina da wa a Bungudu, manomi ne mai fadama a bakin gulbi, Inna ta dame ni in ɗauki yarinyar in tafi wurinsa.

"Ni ba ni iya tahiya. Ke kuwa kina iyawa yau, gobe ban sani ba."

"In ya dawo ya tambaye ni ke, in ce masa mi?"

"Ki ce ni na kore ki."

Na ƙi. Muka yi ta wannan gardamar har ƙarfin magana ya ƙare mata. Wata safiya ta kira ni ta ce in dafa mata kirfa da sabon ɓawo, ba wanda aka sha dafawa ba. Na yi yadda ta koya mini, na tallabo kanta. Ta kurɓa kaɗan, ta ce ya yi, ta juya wajen bango. Kafin azahar, Inna ta cika.

Ni da matar maƙeri muka wanke ta. Mazan da suka ɗauke ta sai da suka yi ta ajiye makara suna hutawa, ko da yake ba nauyi gare ta ba. Washegari na goya yarinyar, na ja ƙyauren kara na ɗaure, na kama hanyar Bungudu. Abin da na gani a gefen hanyar nan ba na son faɗa. Na dai riƙa jawo zane ina rufe wa yarinyar kai.

Matar yayana ba ta gane ni ba sai da na yi magana. Su ma a takure suke, amma akwai ɗan dankali daga fadama, akwai kunu da safe. Da farko cikin yarinyar ya ƙi riƙe komai, sai da aka riƙa ba ta da cokalin duma kaɗan-kaɗan. Ta rayu.

Bayan ruwa ya zauna, an yi shuka, maigidana ya iso. A ƙasa ya zo, ba jaki, ba kaya, da sanda a hannu kamar tsoho. Zazzaɓi ya kayar da shi a Tsafe, wani mahauci ya ajiye shi a zaurensa, dawar da ya samo da jakin duk suka tafi a jinya. Ya je gida ya tarar a rufe, maƙeri ya gaya masa inda muke. Ya riga ya ji komai, amma ya sa na faɗa masa da bakina, tun daga kumburin ƙafa har zuwa ƙarshe.

Da ya ɗan yi ƙwari ya koma Gusau tare da yayana don ya ga kabarinta. Daga cikin waɗanda suka binne ta, maƙeri kaɗai suka samu. Ya kai su maƙabarta, ya yi ta zagaye a cikin sababbin kaburbura da ruwa ya baje, ciyawa ta rufe. A ƙarshe ya ce wallahi ba zai iya nunawa ba. Yayana ya ce mini maigidana ya tsaya a bakin wurin, ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga duk waɗanda ke kwance, sannan suka juyo.