Ramin da Bai Taɓa Cika Ba

A wani lungu na Yakasai akwai marini ana ce masa Malam Gwadabe. Gajere ne, mai sanyin magana, kuma duk wanda ya ba shi hannu ya san sana'arsa, domin gindin faratansa ya riƙe launin da sabulu ya gaza da shi tun yana saurayi. Rini gado ne a gidansu. Mahaifinsa Malam Ado yana da ramukan karofi uku a bayan gida, inda ake jiƙa ganyen baba da toka, a bar su su nuna kafin a tsoma zane. A wancan zamani ba abin da ake zubarwa. Idan ruwan rami ya mutu sai a kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, a shanya, a ƙona, a yi shafen soro da shi. Gwadabe ya tashi yana ganin haka, ya girma da imanin cewa duk abin da ya shiga ramin karofi ya sami mazauni.

Sai zamani ya juya. Masu shadda suka daina jiran baba, ja suke so da ruwan hoda da kore shar, kuma yau-yau suke so. Gwadabe ya koma rinin kanti: a tafasa ruwa a rabin duro, a zuba garin launi da soda da wani farin gari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a tsoma shadda, kafin azahar har ta bushe. Aka cike ramuka biyu aka gina ɗakuna a kansu, na ukun ya zauna fanko.

Ruwan da ke ragewa bayan rini shi ne abin kai. Waɗansu marinan a kwata suke juye nasu, shi ya sa kwatar lungunsu yau ja ce, gobe baƙa. Gwadabe ya ce shi ba zai iya ba, maƙwabci yana da hakki. Ya share ramin mahaifinsa, ya riƙa juye ruwan a ciki yana rufewa da kwanon rufi. Shekara shida yana haka, kuma gaskiya abin yana yi masa daɗi. Idan ya je rumfar amininsa Mailafiya mabugi, inda ake kai shadda a buge ta ta yi ƙyalli, sai Mailafiya ya ajiye sandar bugunsa ya ce, "Ku matsa, ga limamin kwata ya iso! Malam, yau wa za a yi wa wa'azi?" Gwadabe ya yi murmushi, sannan ya yi wa'azin kuwa, ya ce wa samarin marina su zo su ga kwatar gidansa, ko alwala aka yi a ciki ba laifi.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Uwa, wata dattijuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana amarya ta sha goyon Gwadabe a bayanta. Rijiyar gidanta ta yi suna wajen daɗin ruwa, da ita take jiƙa gero tana dama kokon da lungun ke karyawa da shi. Shekara biyu da suka wuce ta daina. Gwadabe har tsokanarta ya yi.

"Uwa, kin ajiye aiki ba ki sanar da mu ba? Yunwa za ta kashe mu."

"Ƙafa ce, Gwadabe," in ji ta. "Ƙafa ta ƙi."

Wata Asabar da hantsi, 'yarta Lauratu, wadda ke aikin duba-gari a wata ƙaramar hukuma, ta yi sallama a bayan gidansa yana cikin ɗauraya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Baba, tambaya ce da ni. Bokiti nawa kake juyewa a ramin nan kullum?"

Bai taɓa ƙirgawa ba. Ya lissafa da yatsunsa: shadda ɗaya tana cin bokiti huɗu har da ɗauraya, a rana kuma yakan yi biyar.

"Ashirin ke nan," in ji Lauratu. "Shi ramin nawa yake ɗauka?"

"Zai ci ɗari biyu. Tsohon rami ne, mai zurfi."

"A shekara shidan nan ka taɓa kwashe shi?"

Gwadabe ya ce, "Ai rana ce take shanyewa."

Lauratu ta sunkuyar da kai, ta yi magana a hankali kamar ita ce mai laifi. "Baba, ai a rufe yake da kwano."

Ta fito da kwalba daga jakarta ta ajiye a gabansa. Ruwan ciki ya yi wani ja-ja mai duhu. Ta ce daga rijiyarsu ta jawo shi da safen nan. Ya buɗe ya shinshina, warin da ya saba da shi a hannunsa ya bugi hancinsa.

Duk da haka zuciyarsa ta nemi mafita. Ya ce a bar shi ya gwada da kansa. Ya sami doguwar gora ya zura a ramin, ya yi alama da gawayi daidai inda ruwa ya tsaya, ya rufe, ranar bai ƙara ko ɗigo ba. Washegari ya sake zura gorar. Ruwa ya sauka taƙi guda da yatsu uku. Ya kwashe sauran a durorin aro, ya shiga ramin da tocila. A gefen da ke fuskantar gidan Uwa, saiwar darbejiya ta fasa tsohon shafen, tsagar ta isa mutum ya zura hannu. Ya daɗe a zaune a cikin ramin nan kafin ya fito.

Kwana uku bai leƙa rumfar Mailafiya ba. Ko masallaci ta wancan lungun yake zagayawa don kada ya bi ta ƙofar Uwa. A rana ta huɗu ya wanke hannu har sau uku, ya sa hula, ya yi sallama. Ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya durƙusa nesa da tabarmar.

"Uwa, tun yaushe kika sani?"

"Tashi ka zauna, ba ka ga ƙasa ba?"

"Don Allah ki gaya mini."

Ta ci gaba da tsintarta. "Tun ranar da gasarar ta fara fitowa da wani ɗanɗano. Na ce ba zan ba 'ya'yan mutane abin da ni ban yarda da shi ba."

"Me ya hana ki aiko mini? Katanga ɗaya fa!"

"Da wane baki? Ubanka ne ya tsaya aka haƙa rijiyar nan. Kuma ina jiyo ka ta katanga kana gaya wa yara yadda kake kiyaye hakkin maƙwabta. Na ga abin yana faranta maka. Na ce bari dai, ruwa ai ana saya."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe baki ya nemi gafara. Ta ce ta yafe tun kafin ya zo, ya daina wannan durƙuson kada jikokinta su shigo su gani.

Daga nan ya tafi rumfar bugu, ya tsaya a tsaye ya faɗi abin da ya faru a gaban samarin da ya sha yi wa faɗa. Mailafiya ya buɗe baki zai yi barkwancinsa, ya dubi fuskar amininsa, ya fasa. Ya matsa masa wuri a kan benci kawai.

Gwadabe ya sa aka cike ramin da ƙasa da siminti. Ya sake tsarin aikinsa: yana fara rina mai haske, sannan ya ƙara gari a ruwan ya rina mai duhu, ruwan ɗauraya kuma ba ya zubar da shi sai ya yi aiki sau uku. Bokiti ashirin suka koma bakwai, yana zana su da alli a jikin bango. Abin da ya rage yana tara shi a duro ya kwanta, kamar yadda Lauratu ta nuna masa. Dattin da ke zama a ƙasa yana shanya shi ya ɗura a buhu, kuma har yau bai sami wanda ya gaya masa inda ya kamata ya kai shi ba. Buhuna tara ne a jingine a zaurensa.

Rijiyar kuwa, sau biyu yana kawo masu yasa, shi da kansa yana jan guga tare da su har bayansa ya riƙe. Bayan damina Lauratu ta sake ɗiban ruwan ta kai aka auna. Ta dawo ta ce ƙasar wurin ta sha da yawa, ba ta san shekarun da za a yi kafin ruwan ya shawu ba, kuma da yara a gidan, gara a rufe.

Uwa ta aika aka kira shi. Ta ce ba ta son baƙon magini ya shigo mata, shi take so ya rufe. Ya zo da katako da siminti, ya yi aikin shi kaɗai tun daga hantsi har la'asar, tana zaune a inuwa tana kallo. Da ya gama ya shafe bakin da tafin hannunsa, ya tattara kayansa.

"Sannu da aiki, Gwadabe," in ji ta. "Allah ya yi albarka."

Ya ɗauki jarkokinta biyu da ke bakin ƙofa, ya nufi famfon bakin titi.